Baƙuwar Cutar da ta Biyo Dankalin Turawa

Bahaushe ya daɗe da raɗa wa cututtukan hatsinsa suna. Ya san burtuntuna, wadda ke mai da zangarniyar dawa baƙin gari, ya kuma san domana. Amma cutar da ke ƙone ganyen dankalin turawa da na tumatir ba ta da tsohon suna a harshen, sai dai a siffanta ta a ce ƙunar ganye. Dalili kuwa shi ne amfanin da take kamawa baƙo ne. Asalin dankalin turawa tsaunukan Andis ne a Kudancin Amurka, kuma ta hannun Turawan mishan da na haƙar kuza ya sami gindin zama a tudun Jos, shi ya sa sunansa ke ɗauke da nasu.

Duniya ta san wannan cuta ne ta hanya mai ɗaci. An gan ta a gabashin Amurka a 1843, ta ɓulla a Beljiyam a 1845, kafin ƙarshen shekarar ta isa tsibirin Ailan. Talakawan wannan tsibiri ba su da abinci sai dankali, galibi iri guda, don haka da ta kama gona ɗaya babu abin da ya tare mata hanya. Zuwa 1852 kimanin mutum miliyan ɗaya sun mutu, wasu fiye da miliyan sun yi hijira. Laifin ba na cutar kaɗai ba ne, domin ana tsakiyar yunwar ana fitar da hatsi da dabbobi daga tsibirin zuwa Ingila.

Masanan zamanin sun sha gardama. Wasu suka ce yawan ruwa ne ya ruɓar da shukar, furfurar da ke kan ganye kuma daga baya ta zo. Wani Bajamushe, Anton de Bary, shi ya tabbatar a 1861 cewa furfurar ce mai ɓarnar, ya kuma sa mata suna Phytophthora infestans a 1876, kalmar farko na nufin mai halaka tsiro. A 1885 Millardet na Faransa ya bayyana haɗin sinadarin tagulla da farar ƙasa, wanda ya yi domin inabi, daga baya ya ceci dankali.

Cutar na son sanyi da laima. Saboda haka ta fi addabar Bokkos da Mangu da Barikin Ladi, inda damina ke zuwa da hazo, kamar yadda manoman Filato suka gani a 2014 da 2022. A Kadawa da Kura ta jihar Kano kuwa, da rani ake noman tumatir, iska a bushe, ba ta cika samun wurin zama ba. A nan ne ake yawan ruɗewa: annobar da ta cinye tumatirin Kano da Kaduna a 2016, wadda aka yi wa laƙabi da Ebolar tumatir, tsutsar wani ɗan malam-buɗe-littafi ce mai ratsa cikin ganye. Maganin ƙwari ba ya taɓa ƙunar ganye, wanda ya haɗa su ya yi asarar kuɗinsa.

Alamar farko tabo ne mai duhu a bakin ganye, kamar an zuba masa tafasasshen ruwa. Idan aka juya ganyen da sassafe, za a ga farar furfura a gefen tabon. Kara yakan yi baƙi, 'ya'yan tumatir su yi tabo mai tauri ruwan ƙasa, dankali kuma idan an yanka a tarar da jan ruɓa ƙarƙashin ɓawo. Mai 'yan kunyoyi a bayan gida sai ya tuge shukar da ta kamu ya binne ko ya ƙone, ya daina watsa ruwa a kan ganye, ya bar tazara don iska ta ratsa. Feshin tagulla kariya ne, kafin cutar ta shiga ake yinsa. Dankali kuma a tara masa ƙasa a gindi, a yanke ganyen mako biyu kafin tono, kada a ajiye iri daga gonar da ta kamu.