Tarihin Auna Zafin Wuta a Ƙasar Zuru

Kafin zuwan ma'aunin zafi, ido ne ma'aunin masu sana'ar wuta a ƙasar Zuru. Maƙeri yakan hura gawayin ƙirya da zugazugi, ya zuba wa ƙarfe ido. Idan ya yi ja mai duhu, zafinsa ya kai wajen digiri 600 a ma'aunin Celsius. Idan ya koma ruwan goro, ya doshi 1,000, lokacin ɗora shi kan uwar maƙera ke nan a ƙera garma ko lauje. Shi ya sa ake ƙira a cikin rumfa mai inuwa, domin hasken rana yana ɓoye launin. Matan Dakarkari masu gina tukwane, har da waɗanda ake ɗorawa a kan kaburbura, su ma da launi suke gane gashi ya yi, sannan su ƙwanƙwasa tukunya su ji amonta. Yaro mai koyo kuwa da idon maigidansa yake gwada nasa, har ya ƙware.

Ma'auni mai lamba daga Turai ya taso. Fahrenheit ya bayyana nasa a 1724, Celsius ya biyo baya a 1742. A 1821 Seebeck ya gano cewa idan aka haɗa bakin wayoyi biyu na ƙarafa daban aka ɗumama mahaɗar, ana samun ɗan lantarki gwargwadon zafin. A kan wannan aka gina ma'aunan da masana'antu ke sakawa a tanderu. Da zuwan asibiti da makarantun boko ma'aunin gilashi ya shigo Zuru, daga baya na lantarki ya biyo, musamman a firjin allurar rigakafi, wadda ake ajiye akasarinta tsakanin digiri 2 da 8.

Sai dai ma'auni yakan kauce idan ya tsufa, don haka ake gwada shi. Hanya mafi sauƙi ita ce tsoma shi cikin dakakkiyar ƙanƙara mai ruwa, inda ya kamata ya nuna sifili a ma'aunin Celsius. A masana'anta ana amfani da na'urar tantancewa: dunƙulen ƙarfe mai ramuka da ake ɗumamawa zuwa sanannen zafi, a zura ma'aunin, a rubuta bambancin, a gyara ko a sauya shi. Ita kanta na'urar ana gwada ta da ma'aunin da ya fi ta inganci. A Nijeriya hukumar kula da ingancin kayayyaki ta SON, wadda aka kafa a 1971, tana da cibiyar ma'auni ta ƙasa a Inugu, kuma jerin gwajin yana tuƙewa ne ga mizanin zafi na duniya da ya fara aiki a 1990.