Tsohuwar da Ake Tsoro: Gambaga da Tarihin Zargin Maita

Ran 23 ga Yuli, 2020, a Kafaba, wani gari na ƙasar Gwanja kusa da Salaga a arewacin Gana, mutane suka taru a kan wata tsohuwa mai suna Akua Denteh. Shekarunta kamar 90 ne. Wata bokanya da aka kirawo domin ta kori mugun abu daga garin ita ce ta nuna ta, ta ce mayya ce. Aka yi ta bugunta da rana tsaka har rai ya yi halinsa, jama'a suna tsaye suna kallo, wani kuma yana ɗaukar hoton abin da wayar hannu. Hoton ya bazu, ƙasar Gana duka ta girgiza. Kafaba kuwa ba baƙon suna ba ne ga zuriyar fatake, gama tsohuwar kasuwar goro ce da Hausawa suka sani tun zamanin ayarin Gwanja.

Abin da ya faru a Kafaba yana da dogon tarihi. Shekara da shekaru waɗansu mata masana, da masu fafutukar haƙƙin mata, suna bin diddigin labaran ban tsoro, wato tatsuniyar mayya, da zancen fatalwa, da jita-jitar annoba, da finafinan tsafi. Ba su tsaya gardama a kan ko akwai maita ko babu ba. Tambayarsu ita ce, in an tashi neman mayya, wa ake nunawa, yaushe ake nuna ta, wa kuma yake cin riba in an kore ta?

Tsohuwa a tatsuniya

A ƙasar Hausa, yawanci kaka ce ko gwaggo take yi wa yara tatsuniya da dare. A cikin tatsuniyar kuwa tsohuwa tana da fuska biyu. Akwai wadda yarinya takan tarar a bakin rafi, ta roƙi a cuɗa mata baya, ta sāka wa mai ladabi da arziki. Akwai kuma mai bukka a dawa, wadda takan karɓi baƙo da fara'a, da tsakar dare ta tashi wasa wuƙa. Ga kuma muguwar kishiya mai azabtar da marainiya. Yaro yakan yi girma da waɗannan siffofi a zuciyarsa tun bai san dama da hagu ba.

Harshen Hausa ya san maye, ya san mayya. Karin magana ma namijin ya ambata, da ya ce in maye ya manta uwar ɗa ba ta manta ba. Amma inda aka kai ga duka da kora, sai a tarar mata ne suka fi yawa nesa. Wannan bambanci ne ya ja hankalin Mercy Amba Oduyoye, masaniyar tauhidi 'yar Gana daga ikkilisiyar Metodis, wadda ta jagoranci kafa ƙungiyar mata masana tauhidi na Afirka a Akra a 1989. A littafinta na 1995, *Daughters of Anowa*, ta bi tatsuniyoyi da karin maganar Akan da Yarbawa, ta nuna yadda suke koya wa mutane matsayin da aka yanka wa mace, da irin kallon da ake yi wa wadda ta ƙetare shi.

Mafakar Gambaga

Gambaga tsohon gari ne na Mamprusi, kusa da Nalerigu inda Nayiri, babban sarkinsu, yake zaune. Fatake sun daɗe suna yada zango a nan, Turawan Ingila kuma sun mai da shi hedkwatar yankin arewa kafin su koma Tamale a 1907. Labarin da aka gada ya ce wani limamin garin ne ya fara ceton wata mace da za a kashe saboda zargin maita, ya ɓoye ta. Waɗansu suka ji, suka riƙa gudowa. Daga baya riƙon matan ya koma hannun sarkin garin, Gambarana, wanda aka gaskata gunkin ƙasarsa yana karya ƙarfin maita.

Ga yadda shari'ar take. In aka kawo mace, sai a yanka kaza a sake ta tana shure-shure. In ta mutu rigingine, matar ta kuɓuta. In ta mutu rubda ciki, laifi ya tabbata. Sa'an nan a ba ta wani jiƙo ta sha domin a wanke ta. Ko da kazar ta wanke mace, sau da yawa ba ta iya komawa gida, gama waɗanda suka koro ta ba su sāke ra'ayi ba. Sai ta zauna a 'yar bukkar jinka, ta yi wa sarki noma, ta yi itace, ta tsinci hatsin da ya zube a kasuwa. Wani lokaci dangi sukan haɗo ta da jikanya domin ɗebo ruwa, yarinyar kuwa ta rasa makaranta ke nan. Shugabar matan ana ce da ita magaziya, kalmar da ta fito daga magajiya ta Hausa.

Ba Gambaga kaɗai ba ce. A 2012 ƙungiyar ActionAid ta ba da rahoto a kan irin waɗannan matsugunai guda 6 a arewacin Gana, wato Gambaga, Kukuo, Gnani, Kpatinga, Nabuli da Bonyase, inda mata kamar 800 da yara kamar 500 suke zaune. A Kukuo, fiye da 70 cikin 100 na matan an zarge su ne bayan rasuwar mazansu. Wannan lissafi ya faɗi abu mai yawa. Muddin miji yana da rai, matar tana da katanga. Ran da ya kwanta dama, ta zama baƙuwa a gidan da ta yi shekara 40 tana tuƙa tuwo, ga kuma ɗaki da gona da ake so a raba. Sai wani yaro ya yi zazzaɓi, ko wani ya ce ya gan ta a mafarki tana binsa, magana ta ƙare.

Abin da masana suka gano

Tun a 1952 S. F. Nadel, wanda ya yi bincike a ƙasar Nufe a Nijeriya, ya lura cewa Nufawa mata suke zargi da mugunyar maita, a daidai lokacin da matan suka riƙe kasuwa, mazan da yawa kuma suna cin bashi a hannun matansu. A 1970 Esther Goody ta rubuta a kan Gwanja kanta. Ta tarar an yarda sarakuna da masu gida suna da ƙarfin asiri, amma nasu ana ɗaukarsa kariyar jama'a ne, ana girmama shi. In mace ce aka ce tana da irin wannan ƙarfi, sai ya zama mugunta da ta cancanci horo. Abu ɗaya ne, hukunci biyu. A 1993 kuma Susan Drucker-Brown, wadda ta daɗe a cikin Mamprusi, ta danganta ƙaruwar tsoron mayu mata da sauyin zamani, sa'ad da mata suka shiga ciniki da tafiya kudu, gidaje suka fara dogara ga kuɗinsu.

Saboda haka iri biyu ne suka fi shiga hatsari. Akwai wadda ba ta da kowa, gwauruwa, ko marar ɗa namiji, ko mai ruɗewar tsufa. Akwai kuma wadda ta yi fice, mai jari, mai baki, wadda ba ta sunkuyar da kai.

Annoba kuwa takan hura wutar. A 1997, da sanƙarau ya auka wa arewacin Gana, an kashe waɗansu tsofaffin mata bisa jita-jitar cewa su suka jawo cutar. Jita-jita irin wannan tana da sauƙin shiga kunne, domin ƙwayar cuta ba a ganinta, ba a kuma iya jifanta, amma tsohuwar da take ƙarshen unguwa kowa ya san ƙofarta.

Abin ya taɓa faruwa a Turai

Masu wannan bincike sukan waiwayi Turai, gama a can ma an yi haka, a ƙasashen Kirista. A 1485 wani malamin addini Bajamushe, Heinrich Kramer, ya gurfanar da waɗansu mata a Innsbruck. Shari'ar ta rushe, bishop na wurin ya sallame shi. Sai ya zauna ya rubuta littafin da ake kira Gudumar Mayu, wanda ya fito wajen 1487, inda ya yi ta nanata cewa mace ta fi saurin faɗawa hannun Shaiɗan. Injin ɗab'i, wanda sabo ne a lokacin, ya yaɗa shi. Masana tarihi sun ƙiyasta cewa tsakanin 1450 da 1750 an kashe mutum 40,000 zuwa 60,000 a shari'un maita, kamar uku cikin huɗu mata ne. Wata mai neman 'yancin mata a Amurka, Matilda Joslyn Gage, ta rubuta a 1893 cewa miliyan 9 ne. Wannan adadi ya yi yawo ƙwarai, amma bincike ya nuna kuskure ne. Gaskiyar lissafin ma ta isa abin kuka.

Daga cikin ikkilisiya kuma aka sami masu tsawatawa. A 1631 Friedrich Spee, firist na Katolika, ya fitar da littafi ba tare da sa sunansa ba, ya nuna cewa azaba ce take sa mace ta amsa laifin da ba ta yi ba, ta kuma ambaci sunayen waɗansu.

Daga tatsuniya zuwa fim

Aikin da injin ɗab'i ya yi a Turai, kaset na bidiyo ya yi irinsa a Afirka ta Yamma daga 1992, shekarar da *Living in Bondage* ya buɗe kasuwar finafinan Nijeriya. Finafinan tsafi suka cika gidajen kallo daga Legas har Kumasi da Yamai. A *Nneka the Pretty Serpent* na 1994, kyakkyawar mace ce mai hallaka maza. A *End of the Wicked* na 1999, wanda wata ƙungiyar bishara ta Helen Ukpabio ta shirya, uwar miji da ƙananan yara ne aka nuna suna taron mayu da dare. Masu kare haƙƙin mata da yara sun soki wannan fim ƙwarai. Hujjarsu ita ce, tatsuniya takan ƙare da ƙurunƙus, kowa ya san ƙarya ce, amma fim yana nuna tsohuwa tana rikiɗa a gaban ido, mai kallo kuwa ya saba cewa gani ya kori ji.

Waɗansu masu fim suka juya kyamarar. A *Yaaba* na 1989, Idrissa Ouedraogo na Burkina Faso ya ba da labarin yaron da ya yi abota da tsohuwar da ƙauye ya tsangwama, yana kiranta kaka. A *Delwende* na 2005, Pierre Yameogo ya nuna al'adar da ake cewa matacce ne da kansa yake nuna wanda ya ci shi. Yara suna mutuwa da sanƙarau, amma aka ɗora wa wata mata, domin mijinta yana da asirin da yake so ya binne. Yaba Badoe, 'yar jarida 'yar Gana wadda ta fara zuwa Gambaga a 1995, ta fitar da *The Witches of Gambaga* a 2010 tare da Farfesa Amina Mama, wadda ta tashi a Kaduna. A wannan fim matan da kansu ne suke magana, kowace ta faɗi wanda ya zarge ta da abin da ta bari a gida.

Ikkilisiya da hukuma

Hannun masu bi ya bayyana a ɓangare biyu na wannan tarihi. Akwai masu wa'azi da masu annabci da suka nuna tsohuwa a tsakiyar taron addu'a, suna jingina da Fitowa 22:18. Akwai kuma waɗanda suka riƙe umarnin kula da gwauraye da marayu da yake a wasiƙar Yakubu, da ka'idar Attaura da ta hana a hukunta mutum sai da shaidu biyu ko uku. A Wagadugu, sistocin Katolika sun daɗe suna kula da ɗaruruwan matan da aka kora a cibiyar Delwende. A Gambaga, Ikkilisiyar Presbiteriya ta Gana ta fara shirin mai da mata gida a 1994. Aikin na haƙuri ne. Ma'aikaci yakan je ƙauyen matar sau da yawa, ya zauna da sarki da dangi, a nemi abin biyan sallamar Gambarana, bayan ta koma kuma a riƙa leƙa ta.

Gwamnati ta rufe matsugunin Bonyase a 2014. Amma matan da yawa sun ce rufe mafaka ba tare da sāke zuciyar ƙauye ba, tura su ne bakin mutuwa. A Yulin 2023 kotu a Tamale ta ɗaure mata biyu shekara 12 kowace saboda kisan Akua Denteh. A watan nan kuma majalisar dokokin Gana ta amince da dokar da ta haramta zargin mutum da maita, amma Shugaba Akufo-Addo ya sauka a Janairun 2025 bai sa mata hannu ba.

Waɗanda aka ɗaure ɗin mata ne, bokanyar ma mace ce. Masu binciken ba su ɓoye wannan ba. Sau da yawa kishiya ce, ko matar ɗa, take fara furta kalmar, gama a gidan da abinci da gādo suka yi kaɗan, marasa ƙarfi junansu suke ture wa. Abin da tarihin Gambaga ya nuna shi ne zargin yana da hanyar da ya saba bi, yakan wuce ƙofar mai 'ya'ya maza da mai sarauta, ya tsaya a ƙofar wadda ba ta da mai tsaya mata. Duk unguwar da aka fara raɗa sunan wata tsohuwa, akwai abin da dattawa da shugabannin ikkilisiya za su iya bincikawa tun kafin a ɗauki sanda: yaushe mijinta ya rasu, me ya bari, wa yake so, an kuma kai marar lafiyan asibiti ko ba a kai shi ba.