Layin da ya riga lakkol zuwa Arewa

Tun kafin alli da baƙin allo su iso ƙasar Arewa, yaron Lugu ya san layi. A fuskar iyayensa yake fara ganinsa: tsaga biyu daga gefen baki zuwa kunne, zanen da ake gane Arawa da shi. Askar wanzami ke jan wannan layi, kuma duk wanda ya gani ya karanta asalin mai shi.

Makaranta ta biyu hannun mata ce. A bayan ƙwarya ana ƙona layi miƙaƙƙe da karkatacce da mai haƙoran zarto. A faifai layi na nannaɗuwa daga tsakiya zuwa baki. A tabarmar kaba yana sarƙewa. Almajiri kuwa da alƙalamin kara yake koyon lanƙwasa harafi, har ranar sauka a yi wa allonsa zayyana. Kallo da kwaikwayo su ne darasin, rairayin ƙofar gida kuma shi ne takardar gwaji.

A watan Afrilu na 1899 rundunar Voulet da Chanoine ta auka wa Lugu, Sarauniya Mangu da mutanenta suka tare ta. Mulkin Faransa da ya biyo baya ya kawo lakkol, inda layin kirki shi ne wanda aka ja tsaf bisa tsarin littafi. Abin lura, a Turai ɗin ma tunani ya sauya: Froebel na Jamus, wanda ya raɗa wa makarantar ƙananan yara suna a 1840, ya sa wasa da sanduna cikin koyarwa, Kandinsky kuma ya wallafa littafi kan ɗigo da layi a 1926.

Nijar ta buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram a 1973. Harshe ya samu shiga aji, zanen gida ya tsaya a waje. Yau tsagar fuska na ja da baya, roba na korar ƙwarya, masu zanen kuma suna tsufa.

Gyaran ba ya bukatar kuɗi. Malami ya kawo ƙwarya da faifai aji, yara su bi layukan da yatsa, su faɗi sunansu da Hausa, su ja su a ƙasa kafin takarda. Ƙungiyoyin al'adu kuma su tattara sunayen zane daga bakin tsofaffin Lugu da Dogon Dutsi tun suna raye.