Inda Garma Ta Riga Mai Bincike

A shekarar 2012 aka tsinci wani jirgin yaƙi ƙirar Kittyhawk a hamadar yammacin Masar, shekara 70 bayan ya ɓata da matuƙinsa, Dennis Copping. Lambarsa, ET574, ita ta faɗi ko wane jirgi ne da wanda ya tuƙa shi. Rashin mutane ne ya adana shi. Duk wanda ya zo ƙasar Kano da tsammanin irin wannan tsintuwa zai koma hannu wofi, ko da yake sararin samaniyar nan ya ga jiragen yaƙi masu ɗimbin yawa. Tun ranar 1 ga Nuwamba 1925 jiragen sojan Ingila uku suka sauka a Kano daga Masar, ƙarƙashin Arthur Coningham. Daga Satumba 1940 kuma aka buɗe hanyar Takoradi: a kawo jirage cikin akwatuna ta teku, a harhaɗa, a tashe su ta Legas, Kano, Maiduguri, Fort Lamy da Khartum har Alƙahira. Fiye da 5,000 suka bi hanyar, kuma hazo da lalacewar inji sun hana wasu kaiwa.

Sai dai karkarar arewacin Kano, daga Ungogo da Minjibir zuwa Bichi da Dambatta, ƙasa ce da gona ke manne da gona, ana nomanta kowace damina ba hutu. Ƙarfe ba ya kwana a irin wannan wuri. Abin da hukuma ba ta kwashe ba, maƙeri zai sara ya yi fartanya, mai zubin tukunya ya narkar da alminiyam, saura kuma ya bi 'yan gwangwan. Ban ga laifin kowa a nan ba, domin manomi na bukatar gonarsa. Abin da nake cewa shi ne, bincike a nan dole ya soma daga bakin dattawa da gidan mai unguwa, inda ake tuna gonar da abu ya faɗo da shekarar wane hakimi, sannan a nemi ɗan guntun da ya tsira a matsayin murfin rumbu ko ƙyauren akurki. Guntun da ke ɗauke da lamba ya fi fiffike guda marar rubutu daraja, domin da lambar ake zuwa ga katunan haɗurra da ke gidan tarihin sojan sama na Hendon, a haɗa da fayilolin Lardin Kano a ma'ajiyar takardu ta Kaduna. Rubutun Rashanci kuwa zai karkatar da mai bincike zuwa 1967, lokacin da aka sauke jiragen MiG-17 a Kano domin yaƙin basasa.

Wani zai ce Yaƙin Duniya na Biyu yaƙin Bature ne, ina ruwanmu. Amma 'ya'yan ƙauyukan Arewa ne aka kwasa zuwa Burma cikin runduna ta 81 da ta 82, kuma a ƙasarmu jiragen suka sha mai. Takardar Hendon ta san matuƙi, ba ta san mai gona ba. Ƙorafin da ya fi ƙarfi shi ne tunanin tsoho kan gauraya shekaru, kuma haka ne; shi ya sa lamba ke gyara baki, baki kuma ya nuna wa lamba wuri. Waɗanda suka kai shekara goma a 1942 yau sun haura 90, don haka aikin Gidan Makama da masana tarihi na Jami'ar Bayero ne su fita da rikoda tun kafin a nemi ƙarfen.