Kallon Sama a Kaduna: Daga Taurarin Damina Zuwa Duban Wata

Kallon sama cikin jama'a, wato mutane su fito fili su dubi wata da taurari don sanin lokaci ko ƙarin ilmi, ya girmi garin Kaduna nesa ba kusa ba. Sai a 1917 garin ya zama hedkwatar Arewa, bayan Turawa sun taso daga Zungeru. Mutanen da suka cika unguwannin arewacin kogi, irin su Tudun Wada da Unguwar Sarki da Kawo da Unguwar Rimi, sun zo ne daga Zazzau da Kano da Katsina da Sakkwato da Borno, kowa da lissafin sama na garinsu a ka.

Lissafin nan kashi biyu ne. Akwai na gida, wanda yaro ke koya a dandali da farin wata: Zara matar wata, Gamzaki mai fitowa da asuba, da Kaza da 'ya'yanta, dunƙulen taurarin da Larabawa ke kira Surayya. Masana sun tabbatar cewa Zara, hasken nan mai ƙarfi na almuru, da Gamzakin asuba abu ɗaya ne, wato Zuhura, wadda duniya ce mai zagaya rana kamar tamu. Sannan akwai na malamai, ilmin falaki da hisabi. Su sun raba shekara zuwa manzili 28, kowane da kwana 13, in ban da Jabaha mai kwana 14, jimla kwana 365. Bakwai daga ciki su ne taurarin damina, kuma manomi kan tambayi malam ko Haƙa'a ta kama, ko an shiga Zira'a, kafin ya amince da shuka. Ilmin ya yi zurfin da har wani Bakatsine, Muhammadu al-Kashinawi, ya yi suna a Alƙahira wajen hisabi da sanin taurari, a can kuma ya rasu a 1741.

Birni ba gona ba ne. Ma'aikacin ofis da ɗan masaƙa da ɗan reluwe agogo da kalandar bango suke bi, don haka taurarin damina suka yi ta ja da baya a bakin mutanen Kaduna. Abin da bai gushe ba shi ne duban wata, domin azumi da salla a kansa suka rataya. Watan Musulunci kwana 29 ne ko 30, shekara kuma kwana 354 ko 355, shi ya sa azumi ke matsowa da kamar kwana 11 kowace shekara. Ranar 29 ga Sha'aban, da an sallame magariba, sai a ga mutane a ƙofar masallatai da filayen makarantu sun fuskanci yamma, wani na nuni da yatsa, wani na cewa gajimare ne. A ganina wannan ne taron kallon sama mafi girma a ƙasar Hausa, ko da yake masu yin sa ibada suka fito yi, ba su taɓa kiran kansu masu sha'awar falaki ba.

Kaduna ta samu matsayi na musamman a wannan harka daga 1962. A shekarar ne aka kafa Jama'atu Nasril Islam a ƙarƙashin jagorancin Sardauna Ahmadu Bello, da hedkwatarta a Kaduna, a shekarar ne kuma gidan rediyon Arewa ya soma aiki. Labarin ganin wata da a da sai an harba bindiga ko an tashi manzo kan doki, ya koma yana isa ƙauyuka a dare ɗaya. Tsarin dai bai sauya ba: wanda ya ga wata ya kai shaida wurin hakimi ko sarki, a miƙa wa Sarkin Musulmi, shi ya yi sanarwa. Yanzu akwai kwamitin duban wata na ƙasa a ƙarƙashin Majalisar Ƙoli ta Harkokin Addinin Musulunci, yana tace shaidu kafin Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar, wanda ya hau gado a 2006, ya ce wata ya tsaya.

Tacewar nan ce ta shigo da lissafin zamani cikin hirar majalisa. Ido ba ya iya ganin jinjirin da bai kai kamar sa'o'i 15 da haihuwa ba, kuma idan wata ya riga rana faɗuwa, babu abin da za a gani a daren. Gardamar da aka saba ji washegari, cewa "wannan ai ɗan kwana biyu ne", ita ma tana da amsa: jinjirin da ya kuɓuce wa ido jiya da ƙyar, yau zai fito da kauri da tsayi, alhali daren farko ne. Matasan da suka koyi wannan, suna riƙe da waya mai manhajar taurari, su ne sababbin masu kallon sama.

Ta fuskar gwamnati, an kafa hukumar sararin samaniya ta ƙasa a 1999, aka harba tauraron ɗan Adam na farko na Najeriya a 2003. Cibiyar nazarin falaki tana Nsukka, ƙungiyar Astronomers Without Borders kuma, wadda ke kai madubin hangen nesa makarantu da sansanonin 'yan gudun hijira, ta fi ƙarfi a Abuja. Akasarin aikin da Turanci ake yi, kuma nan ne gibin yake.

Ranar Laraba 29 ga Maris 2006, a ƙarshen watan Safar, aka ga irin ƙishirwar kallon sama da jama'a ke da ita. Da hantsi wata ya rufe rana ruf a Gusau da Katsina da Maraɗi, a Kaduna kuma ya cinye mafi yawanta. Wasu suka nufi masallaci sallar kusufi, wasu suka leƙa rana a cikin kwanon ruwa, dabarar da ba ta kare ido daga lahani. Haka aka sake fitowa daren 27 ga Yuli 2018, lokacin da cikakken husufin wata ya ɗauki sa'a 1 da minti 43, mafi tsawo a wannan ƙarni.

Kaduna tana kusan digiri 10 da rabi arewa da tsakiyar duniya, don haka daga fili ɗaya ana iya ganin tauraron arewa ƙasa-ƙasa, a kuma ga taurarin kudu waɗanda mutanen Ingila ba sa gani. Abokan gaba su ne hazon hunturu, gajimaren Agusta, da fitilun titi da suka dushe ƙananan taurari a tsakiyar gari. Lokaci mafi kyau shi ne kaka, bayan ruwa ya ɗauke, kafin ƙura ta sauko.

Jama'ar da za a koyar ba sai an nemo su ba, suna fitowa da kansu kowane 29 ga wata. Madubin hangen nesa guda ɗaya a harabar Masallacin Sultan Bello ko Dandalin Murtala, da mai bayani da Hausa wanda ya san Haƙa'a ya kuma san lissafin zamani, zai yi aikin da lacca goma ba ta yi ba. Makarantu da limamai su fara tun yanzu: ranar 20 ga Maris 2034 cikakken kusufin rana zai sake ratsa Najeriya.