Soson tace iska na ƙananan injuna: aikinsa da yadda ake kula da shi

Soson tace iska, wanda makanikai ke kira filta, shi ne ke tsaye a bakin karbirato yana tare ƙura kafin iska ta shiga cikin inji. Ana samun sa a injinan ban ruwa na manoman rani, da ƙananan janareta, da babura da yawa na ƴan kabu-kabu. Ba shi da tsada, amma lalacewarsa na iya jawo sauke inji baki ɗaya.

Dalilin muhimmancinsa

Kafin inji ya ƙona lita 1 ta fetur, sai ya zuƙi iskar da ta kai kimanin lita 9,000. Duk ƙurar da ke cikin wannan iska, idan ba a tare ta ba, cikin silinda za ta ƙare. Akasarin ƙurar yankin Sahel ɓarɓashin yashi ne mai tauri. Idan ya gauraya da baƙin mai sai ya riƙa cin ringi da fistan da bangon silinda. Daga nan inji ya rasa ƙarfi, ya fara shan mai yana fitar da hayaƙi.

Matsalar ta fi tsanani daga watan Nuwamba zuwa Maris, lokacin da iskar hunturu ke kwaso hazo daga Sahara. Lokacin ne kuma injinan ban ruwa suka fi aiki a garaken Gulbin Maraɗi da gonakin albasa na Galmi.

Mai ne ke kama ƙura

Ramukan soso sun fi ƙwayar ƙura girma nesa ba kusa ba. Abin da ke kama ƙurar shi ne man da aka shafa wa soson: iska na bin hanyoyi masu lanƙwasa a cikinsa, ƙura na manne wa mai. Busasshen soso tsakuwa da ciyayi kawai yake tarewa. Saboda haka wanki ba tare da sake sa mai ba, aiki ne da bai kammala ba.

Yadda ake wankewa

1. A kashe inji, a bar shi ya huce. A goge ƙurar da ke kan murfi kafin a buɗe, sannan a toshe bakin karbirato da tsumma mai tsabta.
2. A cire soson a duba shi. Idan ya yage, ko yana marmashewa a hannu, ba ya gyaruwa; sai dai sabo.
3. A wanke shi da ruwan ɗumi da sabulu, a ɗauraye har ruwan ya fito fes. Matsewa ake yi a tafin hannu, ba murɗawa ba, don murɗawa na yaga ramukan.
4. A shanya a inuwa har ya bushe sarai. Mai ba ya kama jiƙaƙƙen soso.
5. A zuba masa sabon baƙin mai, a mulmula har ya ratsa ko'ina, sannan a naɗe shi cikin tsumma a matse rarar. Ya kasance da damshin mai, amma ba ya ɗiga.
6. A goge cikin gidan filtar, a cire tsumman da aka toshe da shi, a mayar da soson ya zauna daidai ba tare da giɓi a gefe ba.

Sau nawa

Littafin injin Honda GX160 ya ce a duba filta duk lokacin da za a tayar da inji, a tsabtace ta bayan awa 50 na aiki ko wata 3, kuma a yawaita a wuri mai ƙura. Injin ban ruwa mai aikin awa 6 a yini yana cika awa 50 cikin kwana 9, ko da babu hazo. Dabarar da ke sauƙaƙa aikin ita ce ajiye soso 2: ɗaya na kan inji, ɗaya an wanke an sa masa mai yana jira cikin leda.

Kurakuran da aka fi yi

Wanki da fetur ya zama ruwan dare, amma yana da haɗarin gobara, kuma yana saurin lalata soson. Tsohon man juye ma bai dace ba, domin cike yake da datti. Mai idan ya yi yawa yakan toshe iska: inji ya yi hayaƙi, fulogi ya yi baƙi, shan fetur ya ƙaru. Wasu kan yanko soson katifa su maye gurbin na asali, alhali ba a yi shi don wannan aiki ba, kuma gutsurensa na iya shiga karbirato. Mafi muni shi ne cire filtar gaba ɗaya don inji "ya yi numfashi".

A lura: wasu injuna na da filta biyu, ta takarda a ciki da siririn soso a waje. Ta takarda ba a wanke ta, ba a sa mata mai. Kakkaɓewa ake yi a hankali, idan ta toshe a canza ta.