Jirgin yaƙi cikin akwati

A shekarun 1950 ne kamfanin Airfix na Ingila ya soma sayar da ƙananan jiragen yaƙi na roba, gunduwa-gunduwa, waɗanda yara ke haɗawa da gam su shafa musu fenti. Ma'auninsu ɗaya bisa 72 ne: jirgin Hurricane, mai faɗin fikafikai mita 12, ya koma santimita 17. Ta haka ƴaƴan Turawa suka haddace yaƙin sararin samaniyar Ingila na 1940.

Amma akwai babin da kwalin wasan bai cika tunawa da shi ba. Daga Satumban 1940, da hanyar Bahar Rum ta yi haɗari, su ma jiragen Hurricane na gaskiya cikin akwatuna jiragen ruwa ke kai su Takoradi, a Gana ta yau. Can ake harhaɗa su, su bi ta Legas, Kano, Maiduguri, Fort-Lamy da Khartum har Alƙahira. Lokacin Nijar tana hannun gwamnatin Vichy. Abin da ya buɗe hanyar shi ne mubaya'ar da gwamna Félix Éboué na Cadi ya yi wa De Gaulle a Agustan 1940.

Leburorin Afirka da suka share filayen saukar ba a sassaƙa su da roba ba. Idan aji bai ambace su ba, kwali ba zai ambace su ba.